Tarihin Hanya: Daga Turbar Jaki Zuwa Kwalta

Kafin mota ta zo ƙasarmu hanya ta kowa ce. Fatake da jakunansu, Buzaye da raƙumansu, mata da tulunansu, duk turba ɗaya suke bi. Gudun kowa bai wuce na ɗan'uwansa ba sosai, saboda haka ba mai ture wani. Shi ya sa lungunan tsofaffin birane kamar Kano da Katsina suke da ƙunci da kwane-kwane. An yi su ne daidai mutum da jaki mai ɗauke da mangala.

Da Turawa suka zo sai lamari ya sake. A shekarar 1924 motocin Citroën sun ratsa ƙasar Nijar, suka bi ta Yamai da Damagaram. Mota tana son hanya mai faɗi, miƙaƙƙiya. Talakawa ne suka sare itace, suka ɗauki ƙasa a ka, suka yi waɗannan hanyoyi da aikin tilas, har zuwa 1946 da aka soke shi. Waɗanda suka yi wahalar ba su ne suka hau motar ba.

Maraɗi ita ce misali mafi kusa da mu. Tsohon gari a cikin fadama yake, bakin gulbi. A 1945 ruwa ya ci shi, sai aka mai da mutane bisa tudu. Nan Faransawa suka auna sabon gari da layi-layi, tituna masu faɗi suna gicciye juna. Da cinikin gyaɗa ya bunƙasa, manyan motoci suka riƙa bin waɗannan tituna suna kwasar buhuna zuwa Kano, inda jirgin ƙasa yake. Tun daga lokacin tsakiyar hanya ta zama ta mota, mai ƙafa ya koma gefe cikin rairayi.

Mu ma a Dakwaro haka abin ya same mu. Hanyar da ta haɗa mu da Maraɗi ta fi kilomita 100, kuma ta kawo alheri: mara lafiya ya kan isa likita da wuri, hatsi da bisashe suna samun kasuwa. Amma ku duba ranar kasuwa. Babbar mota, da kabu-kabu, da amalanke, da keke, da garken awaki, da yara ƴan makaranta, duk a wuri ɗaya. Mai ƙarfe ya yi oda, mai jiki ya kauce.

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. A ƙasar Holan, a 1971, mutum fiye da 3,000 suka mutu a haɗarin hanya, cikinsu har da yara fiye da 400. Iyaye suka fito kan titi suka ce a daina kashe musu ƴaƴa. Da man fetur ya yi tsada a 1973, hukuma ta saurare su. Aka ware wa keke hanyarsa, aka rage gudun mota a unguwanni. Yau yaro ya kan tafi makaranta a kan kekensa, uwarsa hankali kwance.

A Wagadugu ma, nan maƙwabtanmu, akwai manyan tituna da aka ware gefensu domin keke da babur. A Kano kuwa an gina gadojin sama domin motoci su wuce, kuma a 2013 gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur. Mota ta samu sarari, amma tsoho mai sanda yana nan bakin titi yana jiran lokacin tsallakawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2023 cewa mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a kan hanya. Fiye da rabinsu masu tafiya da ƙafa ne, da masu keke, da masu babur. Gudu shi ne babban sanadi. Idan mota tana tafiya kilomita 30 a awa ta buge mutum, galibi ya kan rayu. Idan ta kai 60, sai wanda Allah ya tsare.

To, me ya kamata mu yi? Duk sa'ad da aka zo gyaran hanya a garinmu, mu je wurin magajin gari mu faɗi bukatarmu tun kafin a zuba kwalta. A bar wa mai ƙafa gefensa, da itatuwa masu inuwa. A sa tudun rage gudu gaban makaranta da likita da kasuwa. A ba amalanke wurin tsayawa. Masu tebur su ja baya kaɗan. Mu kuma da muka koyi karatu, mu karanta allunan hanya, mu koya wa yaranmu ma'anarsu.

Kakanninmu da hannunsu suka share hanyar nan, ƴaƴanmu kuma suna da haƙƙin bin ta su dawo gida lafiya. Allah ya kiyaye mu.