Daga Hulba Zuwa Wuƙar Likita

Tun ƙarni na 11 Ibn Sina ya siffanta ciwon sukari a cikin littafinsa Al-Ƙanun, ya ambaci zaƙin fitsarin majinyaci, kuma daga cikin magungunan da ya yi wasici da su har da hulba, wadda har yau matan Sudan suke damawa da madara su ba mai jego don ta murmure. A wancan zamani, da ma bayansa da nisa, ƙiba alama ce ta wadata, kuma Hausawan da hanyar hajji ta zaunar a ƙasar Gadarif ta Sudan sun tarar da wannan ra'ayi daidai da na gida, inda ake cewa wance ta yi jiki a matsayin yabo.

Sa'an nan al'amura suka sake. Aka kafa masana'antar sukari a Junaid a 1962, ta Kenana ta biyo baya, aka buɗe gonakin ban ruwa na Rahad a 1977 da hedkwatarsu a Fau, har manomin auduga da gyaɗa ya wayi gari shayi mai zaƙi ya zama abin karyawarsa da abin karɓar baƙonsa.

A Amurka kuwa, likita Edward Mason ya fara tiyatar rage tumbi a wajajen 1966 da nufin rage ƙiba kawai. Amma a 1995 likita Walter Pories ya bayyana cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na masu ciwon sukarin da ya yi wa aikin sukarinsu ya daidaita, sau da yawa cikin kwanaki, tun jiki bai zube ba, abin da ake dangantawa da sauyin sinadaran da hanji yake fitarwa. A 2016 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan ciwo suka amince da tiyatar a matsayin magani ga masu ƙiba mai tsanani.

Hakika wannan babbar ni'ima ce, sai dai tana bukatar ƙwararren likita da kulawa ta tsawon rai, kuma abin yana ci mini rai, domin da yaƙin Sudan ya kori mutanen Wad Madani a Disambar 2023 suka bi ta Fau zuwa Gadarif, abin da mai ciwon sukari a cikinsu yake nema shi ne allurar insulin da wurin sanyi da zai ajiye ta.