Tarihin da Ke Kwance a Cikin Laka

Duk wanda ya riƙi karan rake a Makarfi ko Kudan ya san farar ƙurar da ke manne wa hannu. Kaki ne da tsiro ke kare kansa da shi. Ganye kan ruɓe, amma kakin yakan shekara dubbai cikin laka. Nauyin sinadarin kabon a kakin rake, dawa da ciyawa ya bambanta da na ɗorawa da kaɗanya. Da wannan ma'auni masana suka nuna a 2018 cewa kurmin da ke kewaye da tafkin Barombi Mbo a Kamaru ya ja baya shekaru 2,600 da suka wuce. Dattawan Ikara suna tuna dajin da aka sare. Lakar fadama, ƙasan inda garma ke kaiwa, tana iya faɗin lokacin da saran ya fara.