Tarin shiƙa: ƙasashen da suka aje allura, da abin da suka gani

Duk wanda ya taɓa jin yaro mai tarin shiƙa ba ya mantawa. Tari ne a jere ba hutu, idanu su yi ja, sannan yaron ya ja numfashi da ƙara kamar carar zakara, sau da yawa amai ya biyo baya. Wasu na ce masa tarin lala. Mutanen Sin kuwa tarin kwana ɗari suke kiransa, saboda daɗewarsa. Na ga ya dace in bi tarihin allurarsa, domin a nan ma akwai iyayen da ke tsayawa suna tunani kafin su miƙa jariri ga ma'aikaciyar lafiya, kuma ba mu muka fara wannan tunani ba.

Wani likitan Faransa, Guillaume de Baillou, shi ya fara bayyana cutar dalla-dalla lokacin annobar birnin Faris a 1578. Sai a 1906 Jules Bordet da Octave Gengou suka ware ƙwayar cutar a ƙasar Beljiyam. Allurar da ta yi aiki sosai ta fito ne daga hannun mata biyu a garin Grand Rapids na Amurka, Pearl Kendrick da Grace Eldering. Dukansu sun yi tarin shiƙa suna yara, kuma dukansu sun koyar a makaranta kafin su shiga aikin bincike. Daga 1932, bayan an tashi aiki, sukan bi gidajen talakawa da faranti suna sa yara masu ciwo su yi tari a kai. A 1939 suka fitar da sakamakon gwajin da ya nuna allurar tana karewa. Daga baya aka haɗa ta da ta mashaƙo da ta tetanos a allura guda.

Allurar nan tana da zafi. Tana sa zazzaɓi, cinya ta kumbura, yaro ya kwana yana kuka. Muddin iyaye na ganin ana binne yara saboda tarin, sun haƙura da wannan. Da cutar ta yi wuya, sai tsoron allurar ya fi tsoron ciwon.

A Ingila abin ya faro a 1974, bayan wani rahoto daga asibitin yara na Landan ya yi maganar yara 36 da suka samu matsalar ƙwaƙwalwa bayan allurar. Jaridu da talabijin suka ɗauka. Yaran da ake yi wa allurar suka ragu daga wajen kashi 77 cikin ɗari zuwa wajen kashi 31. Tsakanin 1977 da 1979 aka samu fiye da mutum 100,000 da suka kamu. A Japan, jarirai biyu sun rasu jim kaɗan bayan allura, gwamnati ta dakatar da ita a 1975, kuma ko da aka maido ta iyaye ba su koma ba. A 1974 ba wanda tarin ya kashe a ƙasar. A 1979 mutum wajen 13,000 suka kamu, 41 suka mutu.

Ban ɗauki waɗannan iyaye jahilai ba. Uwar da ta ga ɗanta yana taune-taune kwana guda bayan allura, dole ta zargi allurar. Amma a 1988 kotu a Ingila ta saurari masana na ɓangarorin biyu, ta yanke cewa ba a tabbatar allurar na lalata ƙwaƙwalwa ba. A 2006 masu bincike a Ostireliya suka sake duba wasu yara 14 da aka ɗora wa allura laifin ciwonsu, suka tarar 11 daga ciki da irin farfaɗiyar da ake haihuwar yaro da ita, wadda ke bayyana a daidai watannin da ake allura.

Tsoron ya haifar da sabuwar allura. A 1981 Japan ta fara amfani da wadda aka yi da gutsuren ƙwayar cutar kawai, ba da ƙwayar gaba ɗaya ba. Ba ta cika sa zazzaɓi ba, kuma ƙasashe masu arziki suka koma gare ta. Daga baya aka gane kariyarta tana saurin raguwa. Cutar ta dawo, ta faɗa kan mafi rauni: a jihar Kalifoniya jarirai 10 suka mutu a 2010, a Ingila 14 a 2012, kusan duk ba su kai lokacin kammala allura ba. Jariri sabon haihuwa sau da yawa ba ya ma yin ƙarar nan. Numfashi ne kawai ke tsayawa.

Daga nan aka koma ga uwa. Idan an yi mata allurar tana da ciki, jikinta na haɗa garkuwa, garkuwar ta ratsa mahaifa zuwa ga ɗan tayi, ta kare shi a makonninsa na farko. Amurka ta ba da shawarar haka a 2011, daga 2012 kuma ta ce a yi a kowane ciki, tsakanin mako na 27 da na 36. Ingila ta fara a watan Oktoban 2012, bincikenta ya nuna kariya wajen kashi 90 cikin ɗari ga jariran.

Mu a Nijar lissafinmu dabam ne. Allurar da ake yi wa mai ciki wurin awo ta tetanos ce, kada a ɗauka ta rufe tarin shiƙa. Kariyar tarin tana cikin allurar Penta, mai haɗa cututtuka biyar, wadda ake yi wa jariri a mako na 6, na 10 da na 14. Irin tsohuwar ce, mai zazzaɓi, amma kariyarta ta fi daɗewa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashen da ke amfani da ita su ci gaba. Abin da na fi lura da shi a unguwa shi ne a yi ta farko, yaro ya yi zazzaɓi, uba ko kaka su ce an gama. Allura ɗaya ba ta cika aikin uku ba.

Saura makonni shidan farko, inda jariri ba shi da garkuwa sai ta mutanen gidansa. Tarin shiƙa yana farawa kamar mura, kuma a lokacin ya fi yaɗuwa. Mu malamai mun san yadda tari ke zagaya aji, daga nan ya bi ƴan makaranta zuwa ɗakin mai jego. Idan yayyen jariri sun kammala allurarsu, an rage masa haɗari sosai. Ranar suna kuma, inda jariri ke wucewa daga hannu zuwa hannu, mai tari ya yi barka daga nesa, babu laifi a ciki.

Maigida da uwargida suna da haƙƙin yin tambaya a gidan likita, kuma ya kamata a amsa musu da mutunci. Sai dai in za a auna, a ɗora duka biyun a sikeli: zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu a gefe guda, tarin wata uku da ke iya ɗauke numfashin jariri a ɗaya gefen. Ingila da Japan sun auna gefe guda kawai, ƴaƴansu suka biya kuɗin. A ɗauko karnen yaro yau a duba ko layukan Penta uku sun cika.