Tarihin Takardar Tuni a Ɗakin Tiyata

Takardar da likitoci ke karantawa kafin su soma tiyata daga wurin matuƙa jirgin sama aka aro ta. A ranar 30 ga Oktoba, 1935, wani sabon jirgin yaƙi na kamfanin Boeing ya faɗi a jihar Ohayo ta Amurka jim kaɗan da tashinsa. Matuƙin, Manjo Ployer Hill, gwani ne, amma an manta ba a kwance makullin da ke riƙe da abin sarrafa jirgin ba. Hill ya rasu. Daga nan matuƙa suka rubuta 'yar gajeriyar takarda ta abubuwan da za a duba kafin tashi, wato takardar tuni.

Sai da aka yi shekaru fiye da 60 kafin dabarar ta kama sosai a asibiti. A 2001 Dakta Peter Pronovost na asibitin Johns Hopkins ya rubuta matakai 5 na sa bututu a babbar jijiya, na farkonsu wanke hannu. Da aka gwada su a jihar Mishigan, cutar da ke shiga jini ta wannan hanya ta ragu da kusan kashi 66 cikin 100.

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tata takardar, mai abubuwa 19, a ƙarƙashin jagorancin Dakta Atul Gawande. Sau uku ake dakatawa: kafin a sa majiyyaci barci, kafin a tsaga fata, da kuma kafin a fitar da shi. Ana tabbatar da sunansa da wurin da za a yanka, kowa ya faɗi sunansa da aikinsa, a ƙarshe a ƙirga allurai da ƙyallayen tsane jini kada a ɗinke mutum da ɗaya a cikinsa. An gwada ta a asibitoci 8, ciki har da na Landan, Amman, Manila da Ifakara a Tanzaniya. Sakamakon 2009 ya nuna mace-mace sun sauka daga 15 zuwa 8 a cikin 1,000, matsalolin bayan tiyata kuma daga kashi 11 zuwa 7 cikin 100.

Wasu likitoci sun yi ƙorafin ɓata lokaci, don kowane minti a ɗakin tiyata kuɗi ne. To amma karatun bai cika wuce minti biyu ba. Abin da ke cinye kuɗi shi ne rauni ya ruɓe, majiyyaci ya ƙara kwanaki a gado, ko a tsaya cik a tsakiyar aiki ana neman jinin da ba a tanada ba. Wani lissafi na 2010 ya nuna asibiti zai mayar da abin da ya kashe idan takardar ta hana manyan matsaloli 5 kacal a shekara.

Sai dai labarin bai tafi sumul ba. A 2010 lardin Ontariyo na Kanada ya tilasta wa asibitocinsa amfani da ita. Binciken da aka buga a 2014, kan asibitoci 101, bai ga wani ragin mace-mace na a zo a gani ba. Gawande da wasu sun ce wataƙila ba a koyar da ma'aikata ba, ana cika takardar ne kawai don hukuma. A ganina wannan zargi yana da ƙarfi, domin a gwajin 2008 da baki ake karanta ta, kowa yana ji, kuma nas tana da damar dakatar da babban likita.