Tukunyar Tururi da Jirgin Ƙasa a Ƙasar Katsina

Layin dogo bai taɓa shiga ƙasar Ruma ba, balle ta Safana. Amma duk da haka tukunyar tururi ta taɓa zaman manoman Batsari da Safana, domin gyaɗa da audugar da suke nomawa ba su kai bakin teku sai da ƙarfinta. Dogo ya iso Kano a 1911, sa'an nan a 1929 aka gama reshen da ya tashi daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda. Tun daga lokacin kayan yammacin Katsina suka sami tasha kusa, aka riƙa kai su a kan jakuna da raƙuma, daga baya kuma a mota.

Asalin al'amarin shi ne, ruwa in ya tafasa ya zama tururi, yakan nemi wurin da ya fi nasa faɗi wajen sau 1,600. In an tsare shi cikin tukunya rufaffiya, sai ya yi ta tunkuɗa. Injin da Thomas Newcomen ya kafa a Ingila a 1712 tukunyarsa kamar babbar tukunyar girki take, wuta a ƙasa, ruwa a bisa, tururinta kuwa ba shi da ƙarfi sosai. James Watt ya gyara injin a 1769, amma ya ƙi tururi mai tsananin matsi don gudun fashewa. Richard Trevithick ne ya ratsa da bututun wuta ta tsakiyar ruwa, har kan jirginsa ya ja kaya bisa dogo a 1804. A 1829 Robert Stephenson ya sa bututun jan ƙarfe 25 cikin tukunyar jirginsa mai suna Rocket, watau zafi ya sami wurare masu yawa na taɓa ruwa, tafasa ta yi sauri. Bisa wannan tsari aka ƙera jiragen da suka zo Arewa.

Tukunya tana da bukata biyu, wuta da ruwa. A wancan zamani kwal daga Inugu ake kawo shi, ruwa kuwa dole a tanada shi a tashoshi, abin da ba shi da sauƙi da rani. Haɗarinta kuma babba ne. Idan ruwa ya ja baya har rufin murhu ya bushe, ƙarfe ya yi ja ya yi laushi, sai ta fashe. Saboda haka aka sa mata kwalbar duba ruwa, da murfin da ke sakin tururi in ya yi yawa, da toshiyar darma wadda ke narkewa ta yi gargaɗi. Ran direba da na mai zuba kwal ya rataya ga lura da waɗannan uku.

Daga 1955 injin dizal ya fara karɓe aikin, sannu a hankali tururi ya kau. Amma shi ne ya fara haɗa gonar Batsari da kasuwar Ingila.