Tsiro mai cin ƙuda: yadda ake renonsa a gida

Tsiro mai cin ƙuda, wanda masana ke kira Dionaea muscipula, asalinsa fadamun jihohin Karolina ta Arewa da Karolina ta Kudu ne a Amurka. Ƙasar can ba ta da ƙarfi, shi ya sa yake ƙarawa da ƙwari. Ganyensa kamar baki yake: in ƙwaro ya taɓa gashin da ke ciki sau biyu cikin daƙiƙa 20, sai ya rufe, ya narkar da shi cikin kwana 5 zuwa 12.

Ga mai son renonsa a Maine-Sorowa, babbar matsala ita ce ruwa. Gishiri da kanwa, waɗanda ƙasar Manga ta shahara da su, suna ƙona saiwarsa. Don haka kar a ba shi ruwan rijiya ko na famfo, a tara masa na sama tun da damina. Taki ma yana kashe shi. A dasa shi cikin gansakuka da wankakken yashi, a riƙe su da danshi kullum.

Yana son hasken safe, amma a kare shi daga zafin Afrilu da Mayu. Yana kuma buƙatar hutun wata uku cikin sanyin da ya fi na hunturunmu. A hana yara tsokanar tarkonsa: in ya rufe sau da yawa, baƙi yake yi ya mutu.