Ambaliyar Jigawa: abin da ya kamata matasa su sani

Jigawa ba ta da gaɓar teku, amma ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a jihar a 2020, 2022 da 2024. Mafi yawan ruwan na biyo Kogin Haɗeja ne, wanda ke tattara ruwan kogunan Kano da Challawa, ya ratsa Ringim, Taura, Miga da Auyo. A saman kogin akwai madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992. Idan suka cika a Agusta ko Satumba, rarar kan malalo shimfiɗaɗɗiyar ƙasa inda ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. A Dutse kuwa, ruwan da ke gangarowa daga duwatsu ne ke tarar da magudanai cike da shara.

Duk shekara hukumar NiMet na fitar da hasashen damina, NIHSA kuma ta lissafa ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, watanni kafin ruwa ya kankama. Matashin da aka koya wa karanta waɗannan rahotanni zai iya tambayar shugaban ƙaramar hukumarsa tun da rani ko an yashe kogi, an gyara jinga.